Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: rikicin tallafin sukuwa da tseren karnuka a Ayilan

Duk ƙarshen shekara, wajajen Nuwamba ko farkon Disamba, ministan noma na Jamhuriyar Ayilan yakan kai wa majalisar dokokin ƙasar wata 'yar gajeruwar takarda. Abin da take nema shi ne izinin ƙara zuba kuɗi a Asusun Sukuwa da Tseren Karnuka. A kasafin 2025 kuɗin sun kai yuro miliyan 99.1, dawakai suka tashi da miliyan 79.3, karnuka miliyan 19.8. Sai a yi ta musayar yawu: wasu 'yan adawa su miƙe su karanto adadin dabbobin da suka halaka, 'yan ɓangaren gwamnati su karanto adadin mutanen da suke cin abinci a harkar, daga nan a kaɗa ƙuri'a, takarda ta wuce. Tun 2001 da aka kafa asusun, abin da aka zuba a ciki ya haura yuro biliyan ɗaya da rabi, a ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 5 da ɗoriya ba.

Son doki ba abin da za a tsaya yi wa Bahaushe bayani ba ne. Wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan sallah, ko ya san Filin Sukuwa na Kano, ya san yadda ingarma ke shiga ran mai shi. Mutanen Ayilan ma haka suke, sai dai su sun mayar da abin babbar sana'a. Babu ƙasar da ta kai su kiwon dawakan tsere a Turai, a duniya kuwa Amurka da Ostireliya ne kaɗai ke gabansu. Akwai filayen sukuwa 26 a tsibirin, mafi shahara shi ne Curragh da ke gundumar Kildare, kuma gidan kiwo na Coolmore da ke Tipperary yana cikin mafiya girma a duniya. Ana haifar duƙushin tsere kimanin 9,000 a shekara.

Tseren karnuka ne baƙon abu a wurinmu. Karen da ake sa wa shi ne wanda Turawa ke kira greyhound, siriri ne mai dogayen ƙafafu da shafaffen ciki, ƙirarsa kusan irin ta karnukan farauta na Buzaye. Gudunsa yakan kai kusan kilomita 70 a sa'a. Ana jera guda shida a cikin akwatuna, a saki zomon roba da inji ke ja, a buɗe ƙofa, su bi shi da gudu a fili mai kewaye. Tseren da aka fi yi yadi 525 ne, kuma cikin kimanin daƙiƙa 30 an gama. Ba don kallon kare kawai ake taruwa ba, caca ce ginshiƙin abin, kamar yadda take a sukuwar ma. A kwanar farko, inda karnuka shida ke turereniya kowa na neman layin ciki, nan ne aka fi samun karo da karaya. Alƙaluman da hukumar tseren ke bayarwa da kanta sun nuna cewa a yawancin shekarun nan, karnukan da ke mutuwa ko ake kashewa saboda raunin fili sun haura 100 a shekara.

To, kuɗin wa ake rabawa? Nan ne gardamar ta fara, domin masu harkar sukan ce ai kuɗinsu ne ake dawo musu da shi. Da farko maganar tana da ƙamshin gaskiya. Dokar 2001 ta ɗaure asusun da harajin caca: abin da gwamnati ta tara daga shagunan caca a bara, shi za ta ba asusun bana, kashi 80 cikin 100 na dawakai, kashi 20 na karnuka. Amma dokar ta kuma sa ƙa'idar cewa kuɗin ba za su gaza wani adadi ba, idan harajin bai kai ba sai baitulmali ta cike giɓin. A daidai wannan lokaci kuma gwamnati tana ta zaftare harajin. Daga kashi 10 aka mayar da shi kashi 5 a 1999, sannan kashi 2 a 2002, sannan kashi 1 a 2006. Ga kuma caca ta koma waya da intanet, inda haraji bai riske ta ba sai 2015. Rijiya na ƙafewa, guga bai ragu ba. Da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, a 2009 aka kwance igiyar da ta haɗa asusun da harajin caca, tun daga nan gwamnati ce ke yanke abin da za ta bayar kai tsaye daga baitulmali. An mayar da harajin kashi 2 a 2019, kuma abin da yake kawowa yanzu ya yi kusa da abin da ake ba asusun, amma a doka babu abin da ya haɗa su. Bayan haka, mai yawa daga cikin cacar da ake yi a Ayilan a kan ƙwallon ƙafa ne da tseren ƙasashen waje. Shi ya sa hukumar ƙwallon ƙafar ƙasar ta fito a 2023 tana neman a ba ta nata kason. Saboda haka kuɗin jama'a ne, har da na malamar asibitin da ba ta taɓa taka filin tsere ba, da na wanda caca ta rusa masa gida. Wani bincike na ESRI, cibiyar nazarin tattalin arziki da zamantakewa ta ƙasar, a 2023 ya ƙiyasta cewa baligi ɗaya cikin 30 a ƙasar yana fama da jarabar caca.

Abin da ya fi damuna ba yawan kuɗin ba ne, inda suke sauka ne. Kaso mafi tsoka yana tafiya ne a kyautar gasa, wato abin da ake ba mai dabbar da ta yi nasara. Kyauta mai kauri ita ke ɗaga darajar dabba, darajar dabba ita ke sa mai kiwo ya ƙara yawan haihuwa. Zakara kuwa ba a gane shi a ciki, sai an haifi da yawa an gwada, a zaɓi ɗaya a bar saura. Karya guda takan haifi 'yan kwikwiyo shida ko fiye, ba duka ne za su yi gudun da ake so ba. Wanda ma ya yi, zuwa shekara huɗu ko biyar ƙafarsa ta yi sanyi, alhali kare irin wannan yakan rayu shekara 12 ko fiye. Doki ya fi haka: ya gama tsere da sauran ƙuruciyarsa, ga shi yana iya kaiwa shekara 25 zuwa 30, kullum yana bukatar ciyawa da hatsi da likita da mai gyaran kofato. Ke nan kuɗin gwamnati suna biyan haihuwa da gudu, amma tsufa da rauni an bar wa aljihun mai dabba da tausayinsa. Wani yana da tausayin, ya riƙe dabbarsa har mutuwa ta raba, kuma irinsu suna da yawa. Wani kuwa lissafi yake yi, kuma lissafin ba ya taɓa goyon bayan dabbar da ta daina kawo kuɗi.

A watan Yunin 2019 ne asiri ya tonu. Sashen bincike na gidan talabijin na ƙasa, RTÉ, ya fitar da wani shiri da ya girgiza ƙasar. Ginshiƙin shirin wani rahoto ne da ita kanta hukumar tseren karnuka, Bord na gCon, ta biya wani kamfani mai suna Preferred Results ya yi mata a 2017, sannan ta ajiye shi a durowa. Rahoton ya ƙiyasta cewa ana haifar karnukan tsere kimanin 16,000 a shekara, ninkin-ba-ninkin abin da filayen ke bukata, kuma 5,987 daga ciki ana kashe su ne don kawai ba su da saurin da ake so, ko saurinsu ya ragu. Masu binciken sun ɗauki hoto a ɓoye a wuraren da ake kai mushen dabbobi, inda aka ga ana kawo kare lafiyayye a harbe shi a kan kuɗi kaɗan, tsakanin yuro 10 zuwa 35. An ga mai kare yana tsaye yana jira a miƙo masa abin wuyan karensa ya koma da shi gida. An kuma nuna karnukan da aka yanke wa kunne, saboda a cikin kunne ake yi musu lambar shaida, idan babu kunne babu mai gano ubangidan. Hukumar ta musanta adadin, ta ce ƙiyasi ne da aka gina a kan tsofaffin alƙaluma. To amma da aka nemi ta kawo nata adadin na gaskiya, ba ta da tsarin da zai nuna inda kowane kare ya ƙare. A ganina wannan rashin amsar ya fi rahoton kansa muni. Hukumar da aka kafa tun 1958, take cin kuɗin jama'a, ba ta iya cewa ga inda dubban dabbobi suka shiga.

Abin da ya biyo baya yana da kyau a faɗe shi da adalci. Kamfanoni irin su Barry's Tea da FBD da Connolly's Red Mills suka janye tallafinsu. Hukumomin yawon buɗe ido suka daina tallata tseren karnuka ga baƙi. Sabuwar dokar 2019 ta sauya wa hukumar suna zuwa Rásaíocht Con Éireann, ta ƙara mata ƙarfin hukunci. Aka gindaya sharaɗin cewa aƙalla kashi 10 cikin 100 na tallafin ya tafi wajen kula da lafiyar karnuka da tsabtace harkar, aka buɗe gidajen renon waɗanda suka yi ritaya, kuma a 2021 aka fara tsarin bin diddigin kare ta na'ura. Duk wannan ci gaba ne. Sai dai kuɗin bai ragu ba ko da sisi. A 2019 da 2020 karnuka sun karɓi yuro miliyan 16.8 kowace shekara, a 2021 aka ɗaga zuwa miliyan 19.2 da sunan rage raɗaɗin korona. 'Yar majalisa Holly Cairns ta jam'iyyar Social Democrats, wadda ita ma 'yar karkara ce daga yammacin gundumar Cork, ta jagoranci ƙudurin a janye tallafin a hankali a ƙarshen 2020, ƙudurin bai kai labari ba.

An daɗe ana ɗauka cewa matsalar ta karnuka ce, dawakai kam 'yan gata ne. Gaskiya ne dokin da ke cin gasa yana samun kulawar da ɗan Adam da yawa ba ya samu. Amma a 2021 hoton shahararren mai horar da dawakai Gordon Elliott ya bazu, yana zaune a kan mushen doki yana waya, hukumar ladabtarwa ta dakatar da shi shekara guda tare da jingine rabinta. A watan Yulin shekarar, BBC ta ba da rahoton cewa an yanka dawakan tsere kimanin 4,000 a Birtaniya da Ayilan tun farkon 2019, galibinsu kuma a Ayilan aka horar da su. Sai a Yunin 2024 RTÉ ta sake fitowa da hotunan ɓoye daga harabar mayankar dawakai ɗaya tilo mai lasisi a ƙasar, a garin Straffan, cikin gundumar Kildare da ake yi wa kallon cibiyar sukuwa. An ga ana dukan dawakai, an ga waɗanda suka faɗi aka bar su cikin wahala. Galibin dawakan da ake yankawa a wurin irin na tsere ne. Ma'aikatar noma ta dakatar da aikin mayankar.

Akwai wani ɓangare na wannan binciken da ya wuce batun tausayi ya shiga batun lafiyar mutane. A Turai kowane doki yana da fasfo, da 'yar ƙwayar na'ura da ake dasa masa a wuya mai ɗauke da lambarsa. Idan an taɓa ba doki wasu magunguna, musamman maganin ciwo da ake kira bute wanda dawakan tsere ke yawan sha, sai a rubuta a fasfonsa cewa namansa ya haramta ga mutane har abada. Dokin da aka yi wa wannan hatimi ba shi da kuɗi a kasuwar nama, mai shi ma sai ya biya kafin a kawar masa da gawa. Wanda fasfonsa ke da tsabta kuwa kuɗi ne. Binciken ya nuna yadda ake sauya wa dawakai shaida domin su shiga kasuwar naman Turai. Abin takaicin shi ne hukumar kula da abinci ta Ayilan ce ta fara bankaɗo badaƙalar naman doki a cikin kayan naman shanu a Janairun 2013. Shekara goma sha ɗaya bayan nan, ɓarakar tana nan a cikin gida.

Masu kare tallafin suna da hujja, kuma ban ga amfanin a yi kamar ba su da ita ba. Wani rahoto da kamfanin Deloitte ya yi wa hukumar sukuwa, Horse Racing Ireland, ya ce a 2022 harkar ta juya yuro biliyan 2.46 kuma ta riƙe ayyuka 30,350. Ko da an rage wani abu saboda hukumar ce ta biya kuɗin rahoton, sana'ar gaske ce: masu share barga, masu noman ciyawa, maƙeran takalmin doki, likitocin dabbobi, direbobi, galibinsu a ƙauyukan da babu wata masana'anta. Shi ya sa tun 2010 asusun yake ƙarƙashin ma'aikatar noma, ba ta wasanni ba. Suna kuma cewa Faransa da Birtaniya duk suna da hanyar da kuɗin caca ke komawa sukuwa, idan Ayilan ta janye hannu attajirai za su kwashe dawakansu su tafi. Amsar masu suka ita ce, wa ke kwashe manyan kyaututtukan? Sunayen da ke sama kusan kullum su ne na attajirai irin su John Magnier na Coolmore, da JP McManus, da Michael O'Leary mai kamfanin jiragen Ryanair. Gata kuma ba yau aka fara ba: daga 1969 har 2008 kuɗin da ake samu daga barbarar ingarma ba a biya musu haraji, sai da Tarayyar Turai ta matsa aka soke.

A ɓangaren karnuka hujjar tattalin arziki ta fi rauni nesa ba kusa ba. Masu zuwa kallo sun haura miliyan ɗaya a shekara a tsakiyar shekarun 2000, kafin 2019 sun ragu da fiye da rabi. Bashi ya yi wa hukumar katutu har ta sayar da filin Harold's Cross na Dublin a 2017 kan yuro miliyan 23, kuma ma'aikatar ilimi ce ta saya, wato dai kuɗin jama'a ne suka sake ceto ta. Idan aka cire tallafin gwamnati, da wuya harkar ta tsaya da ƙafarta. Amma saboda doka ta ɗaure doki da kare a turke ɗaya, duk ƙarin da aka yi wa asusun saboda doki sai kare ya samu kashi ɗaya cikin biyar na ƙarin, ko ya cancanta ko bai cancanta ba. Albarkacin kaza ƙadangare ke shan ruwan kasko. Ɗan majalisar da ke son ya goyi bayan masu kiwon doki na mazaɓarsa amma ya ƙi na karnuka ba shi da hanyar yin haka, ƙuri'a ɗaya ce, ko ka ɗauki duka ko ka bar duka. Ina ganin wannan ɗaurin shi ne babbar garkuwar tseren karnuka a ƙasar.

Wata matsalar kuma ita ce mai talla shi ne alƙali. Rásaíocht Con Éireann ita ke gudanar da manyan filaye irin su Shelbourne Park a Dublin da Curraheen Park a Cork, ita ke da nata kantin caca a filayen, ita ke tallata wasan, ita ce kuma ke hukunta masu laifi da tattara alƙaluman raunuka. Rajistar haihuwar karnukan tana hannun wata ƙungiya daban, Irish Coursing Club da ke Clonmel, wadda ke shirya gasar sakin karnuka a kan zomo mai rai, wasan da Birtaniya ta haramta amma yake halal a dokar Ayilan. Duk lokacin da aka gano ɓarna, wanda zai fallasa ta shi ne wanda fallasar za ta taɓa wa kasuwa. Ba mamaki manyan tone-tonen da aka yi duk 'yan jarida ne suka yi su.

A waje kuwa kasuwar tana ta mutuwa. Macau da ke ƙasar Sin ta rufe filinta na tseren karnuka a 2018. A Nuwamban shekarar masu zaɓe a jihar Fulorida, wadda ta fi ko'ina filaye a Amurka, suka haramta tseren da kashi 69 cikin 100 na ƙuri'u, yanzu filaye biyu suka rage a duk ƙasar, dukansu a jihar West Virginia, kuma kuɗin gidajen caca ne ke riƙe da su. New Zealand ta sanar a Disamban 2024 cewa za ta rufe harkar, gwamnatin yankin Wales na Birtaniya ta bi sahu da tata sanarwar a Fabrairun 2025. Amma akwai darasi a jihar New South Wales ta Ostireliya, inda gwamnati ta sanar da haramci a 2016 sannan ta janye cikin 'yan watanni da 'yan karkara suka yi mata ca. Rufewa dare ɗaya ma tana da nata haɗarin, domin dubban karnukan da ke hannun mutane a ranar ba za su ɓace ba, kuma su ne za su fara ɗanɗana kuɗarsu.

Ni dai abin da nake gani shi ne, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A raba ƙuri'ar gida biyu, doki ya kare kansa, kare ya kare kansa. A ɗauke aikin sa ido daga hannun masu tallata wasan. Sannan a ɗaura sakin kuɗi a kan lissafi guda: dabba nawa aka haifa a shekara kaza, ina kowace take yau, idan ta mutu me ya kashe ta, wa ya sa hannu. A cire wani kaso daga kowace kyautar gasa da kowane cinikin dabba a ajiye domin tsufanta, ta yadda mai ƙara haihuwa zai san akwai abin da zai biya a ƙarshe. Tseren karnuka kuwa, idan ba zai iya rayuwa ba sai da kuɗin jama'a, a yanka masa wa'adi na shekaru, a karkatar da tallafin zuwa rage haihuwa da sama wa karnukan gidaje da taimaka wa ma'aikata su sauya sana'a.

Lissafin nan sai ya tsallaka teku kafin ya yi amfani. Fiye da kashi 80 cikin 100 na karnukan da ke tsere a Birtaniya a Ayilan aka haife su, kuma da zarar kare ya hau jirgin ruwa ya fita daga hurumin hukumar Dublin. Daga can an sha gano karnukan Ayilan a Pakistan da Sin, inda babu mai tambayar makomarsu. Waɗanda suka rage a gida kuma aka yasar, ƙungiyoyin sa-kai ne ke tsintar su a bakin hanya da gidajen ajiyar karnukan ƙananan hukumomi, su yi musu magani, su nema musu masu riƙo har a Italiya da Suwidin da Amurka. A Disamban 2023 gwamnati ta raba wa ƙungiyoyin kula da dabbobi kimanin 100 na faɗin ƙasar tallafin yuro miliyan 6, domin karnuka da kyanwoyi da jakuna da dawakai gaba ɗaya. A daidai wannan lokacin majalisa ta amince da yuro miliyan 95 domin tseren shekarar 2024.